Ga mai son koyar da yaranta a gida: abin da na gani a shekara huɗu

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun daren jiya, cewa kina son ki cire yaranki biyu daga makarantar boko ki riƙa koyar da su da kanki, amma kina tsoron kada hukuma ta kama ki. Na bari sai da na samu natsuwa, don na bi wannan hanyar shekara huɗu a nan Mabera, cikin garin Sakkwato, da ɗana na fari, mai ciwon sikila.

Ga abin da doka ta ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ake kira UBE, ta ɗora wa iyaye ko mai riƙo nauyin tura yaro firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3. Har hukunci ta yanka: karon farko jan kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan naira 5,000 ko wata biyu. Ita dokar, makaranta kawai ta sani. Ba ta ambaci karatun gida ba, balle ta nuna miki ofishin da za ki je ki rubuta sunan yaronki. A Ingila doka ta yarda a fili iyaye su ilmantar da ɗansu a gida; mu nan ba a hana da suna ba, ba a kuma buɗe ƙofa ba. Tun da gwamnatin Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2015, hankalin jihar nan ya koma kan shigar da yara aji. A lissafin ma'aikacin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ɗanki mai karatu a falo da yarinya mai tallar goro sahu ɗaya suke: ba su zuwa makaranta.

Duk da haka, tsakanina da Allah, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa. Surukata ce ma ta fi kowa matsa min. Inda aka tare mu shi ne wurin takarda.

Na cire yarona yana aji biyu, bayan wani hunturu da muka kwana asibiti sau uku. Da safe in na gama aikin gida sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar dogonyaro, lissafi da Turanci har hantsi ya yi zafi, in ya ce ƙafarsa na ciwo mu rufe littafi in ɗora masa ruwan ɗumi. Ya samu karatu sosai, har ya wuce 'ya'yan maƙwabta a karanta Hausa da lissafi. Da ya kai shiga ƙaramar sakandare na riƙe hannunsa muka je wata makaranta. Shugaban ya buɗe babban littafinsa, bai ko dubi yaron ba, ya ce, "Hajiya, ina takardar gama firamare? Ina sakamakon zango-zango?" Na zaro littattafan rubutunsa guda goma sha ɗaya daga leda na ajiye. Ya ce shi ma idan masu duba makarantu suka zo daga ma'aikata, fayil za su buɗe, kuma littafin rubutu ba ya shiga fayil. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai, amma daga baya na gane ba shi ya tsara abin ba. Zango guda muka yi asara kafin wata makarantar ta yarda ta yi masa gwaji, kuma sai da ya zauna aji shida ya samu shaida.

Don haka in kin ƙudura, kada ki yanke igiya gaba ɗaya. Ki nemi makaranta mai rajista da gwamnati, ki zauna da shugabarta ki faɗa mata dalilinki ba ɓoye-ɓoye. Wasu suna yarda sunan yaro ya zauna a rajista, ya riƙa zuwa gwaji da jarrabawar ƙarshen zango, a ba shi sakamako. Ki bi manhajar NERDC, wato hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, aji-aji, ki rubuta kwanan wata a kan duk aikin da suka yi. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN ki yi musu tun yanzu. Jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake rajistarta, nan ne masu karatun gida ke maƙalewa. Can gaba an ɗan sassauta, don WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu.

Abin da ke ci min rai shi ne a garin Nana Asma'u, wadda ta tura jajis, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu, yau uwa mai koyar da ɗanta ba ta da ko layi ɗaya a littafin gwamnati. Ni ban ƙi a sa mana ido ba, ina ma so. Na san gidajen da aka ce "muna koya mata a gida", alhali wanke-wanke ne da raino har a yi mata aure. Da a ce za a buɗe rajista a ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma, a gwada yaran sau ɗaya a shekara, da an bambance mai koyarwa da mai fakewa. Da masu sikila sun amfana, da iyalan da rashin tsaro ya koro daga Isa da Sabon Birni.

Kin ce babban naki yana aji biyar. Shi kam ki bar shi ya gama aji shida ya karɓo takardarsa. Ki fara da ƙaramar, zango ɗaya tak, sunanta na nan a rajista, ki ga ko jikinki da lokacinki za su ɗauka. Allah Ya yi musu albarka.