Harsashi mai marmashewa: na allon ƙarfe ne ko na kare kai?

Ka ce, "Maigida, tunda harsashin nan yana zama gari idan ya daki ƙarfe, me zai hana mu ba ɗalibai shi a atisaye, mu kuma ce su zuba shi a bindigar da suke kare kansu?" To ɗana, rabin maganarka ta farko daidai ce. Ta biyun ce nake so ka zauna ka saurara.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Harsashin da muka saba da shi dalma ce aka yi wa riga ta jan ƙarfe. Wannan kuwa garin jan ƙarfe ne aka cakuɗa da kuza ko roba, aka danne a maƙera da ƙarfin inji, wani a gasa shi har ya kama jikinsa. Idan ya haɗu da abin da ya fi shi tauri sai ya koma garin da aka yi shi da shi. Riƙe wannan sharaɗin: abin da ya fi shi tauri. Jikin mutum bai fi shi tauri ba, haka bangon katako ko na falanki mai laushi. Yana huda su, yana kisa kamar kowane harsashi. Duk ɗalibin da ya ji sunan ya ɗauka na wasa ne, gyara masa tun kafin ya taɓa kunama.

Amfaninsa na gaske a allon ƙarfe yake, wato farantin ƙarfen da ake auna harbi a kansa. Da harsashin dalma na ƙaramar bindigar hannu ba ma barin kowa ya matso ƙasa da kamar mita 10, saboda ɓaraguzan rigar suna dawowa su yanki fuska da hannu. Da mai marmashewa ana iya matsowa kusa sosai, amma iyakar da kamfanin harsashin da na allon suka rubuta ita ce iyaka. Allon ya zama taurararren ƙarfe irin AR500, fuskarsa sumul, a karkata shi ƙasa kamar digiri 20 don garin ya zuba ƙasa. Allon da ya yi ramuka ko ya lotsa, cire shi, domin rami ne ke juyo da ɓarɓashi wajen mai harbi. Tabarau na kariya dole ne. Amfani na biyu, babu dalma a kansa, don haka ɗakin harbi na cikin gini ya fi tsabta. Sai dai ka duba kwali, wani lokaci ɗan sinadarin da ke gindin kwanson mai kunna albarushi yana da dalma. Ƙurar jan ƙarfen ma ba abin shaƙa ba ce, a bar fankar jan iska tana aiki.

Yanzu inda yake ba da wahala. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, balle garinsa. A harsashin ƙaramar bindiga mai faɗin milimita 9 (9mm), na yau da kullum yana tsakanin giram 7.5 da 9.5, wannan kuwa wajen giram 6 zuwa 6.5 ne. Mara nauyi yana fita da sauri, kafin bakin bindiga ya gama ɗagawa, shi ya sa yakan faɗa ƙasa da inda ka saba samu. Kada ka bar ɗalibi ya kama murɗa saiti kafin ka gaya masa dalili. Naushin bayan ma ya ragu, kuma wata bindigar mai taurin sifirin ba ta samun ƙarfin da zai tura marfin samanta baya har ƙarshe: kwanso ya maƙale a tagar da yake fita, ko na gaba ya ƙi hawa. Gwada kamar guda 50 a kowace bindiga kafin a saya da yawa.

Kan harsashin kuma gautsi ne da shi. Wanda aka shigar gindin bututun bindiga aka fitar sau da yawa yana iya tsagewa. Mai cika kwanso da hannu idan ya matse bakin kwanson da yawa, kan yakan karye daidai wurin matsin. Duba kowanne da ido kafin ya shiga magazin. Idan harbi ya yi ƙara mara ƙarfi, a tsaya, a sauke, a leƙa bututu, kada a bi shi da na biyu.

Batun kare kai, ma'aunin da masu sana'a suke bi ya fito ne daga hukumar FBI ta Amurka, bayan musayar wutar Miami ta 1986, inda harsashi ya tsaya bai kai zuciyar ɗaya daga cikin maharan ba, mutumin ya ci gaba da harbi. Daga nan suka ce harsashin aiki ya shiga inci 12 zuwa 18 a daskararren jelatin na gwaji mai kwaikwayon tsokar mutum, har bayan ya ratsa tufafi masu kauri, gilashin mota ko ƙarfen jikinta. Mai marmashewa na atisaye ba a gina shi don wannan ba. A tsoka zalla yakan wuce bai buɗe ba, kamar mai cikakkiyar riga. Idan kuma ya gamu da ƙashi ko gilashi yana iya wargajewa tun bai yi nisa ba. Ba ka san wanne zai yi ba, kuma wanda ransa ke kan layi ba ya aiki da wataƙila.

Masu cewa ya fi aminci a cikin gida don ba zai ratsa bango ya sami na ɗakin gaba ba, su gwada a kan falankin bango su gani. Ana sayar da wasu da aka ƙera musamman don kare kai, amma sai ka ga sakamakon gwajin jelatin nasu kafin ka ba da shawara. In ba haka ba, ka nuna wa ɗalibi harsashi mai rami a kai, wanda yake buɗewa idan ya shiga tsoka, na kamfanin da aka sani, inda dokar wurinsa ta yarda, ya harba isasshe a bindigarsa har ya tabbata tana cinsa ba gardama. Magazin na atisaye kuma a sa masa alamar fenti, don kada a tashi daga filin harbi da shi a cikin bindiga.