Amsa ga ƙanenmu da hoton Mushtari ke yi wa rawa a madubi

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin maganar da aka faɗa maka ita aka faɗa mini, kusan kalma da kalma. Ka ce madubinka na hangen taurari mai faɗin milimita 130 ne, ka kafa shi a saman bene a Ƙofar Ƙaura ka nufi duniyar Mushtari (Jupiter), hoton sai rawa yake yi yana narkewa, ko layukan jikinsa ba ka iya rabewa. Ka ce wani a intanet ya ce yana da adaftif oftiks, wato fasahar gyara rawar da iska ke sa hoto, da za ka ɗaura wa madubin hoton ya tsaya cak, ka tura kuɗi ya aiko maka a mota. Kana tambaya ko ka saya.

Don girman Allah kar ka tura masa ko sisi. Abin da ya ambata akwai shi a duniya, amma ba ya shiga aljihu, ba a kuma aiko shi a tasha.

Ni a nan Daura ina yi wa yaran unguwa darasin kimiyya da yamma a zaurena. A ƙarshen 2020, lokacin da ake jiran haɗuwar Mushtari da duniyar Zuhal (Saturn) ta 21 ga Disamba, wadda rabon da su matso kusa da juna haka tun 1623, na yi wa yaran alkawarin za su ga zoben Zuhal da idonsu. Madubina a lokacin yana yi mini irin abin da naka ke yi. Sai wani mai talla ya same ni, bakinsa kamar zuma, yana turo mini hotuna masu kyau yana cewa da na'urarsa aka ɗauka. Ya rantse mini da Allah. Kuɗin ya fi ƙarfina, sai iyayen yara suka haɗa mini, har da wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da ɗanta ya fi kowa naci a ajin. Abin da ya iso ɗan bututu ne baƙi, tsawon yatsa, da gilashin roba a ciki, an manna masa takarda mai ƙyalli. Gilashin ƙara girma ne na banza, irin wanda ake haɗawa a madubin wasan yara.

Ranar da aka taru bayan magariba, duniyoyin biyu sun yi ƙasa can yamma, saman kwanon maƙwabta, ga hazo. Na ɗaura abin nan, sai hoton ya zama dunƙulen haske mai kumbura yana tsukewa. Yara sun yi layi, iyaye na tsaye a baya da mayafan sanyi. Yaron nan ɗan mai ƙosai ya sa ido ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Malam, ina zoben?" Ban sami abin ce masa ba. Wani dattijo ya ce a hankali, amma kowa ya ji, dama ya san ƙarya ce irin ta 'yan boko. Uwar yaron ba ta ce komai ba, ta kama hannun ɗanta suka tafi, kuma shirun nata ya fi mini zafi a kan maganar dattijon. A daren na kira mutumin, ya ce wai ban iya saitawa ba. Da safe ya ce wai hazo ne, in jira damina. Daga nan layinsa ya daina shiga. Na biya iyayen kuɗinsu daga albashina kaɗan-kaɗan, amma yaran da aka cire daga darasin ba duka suka dawo ba. Har yau in na tuna rantsuwar da ya yi mini sai raina ya ɓaci. Mutum ya ci kuɗin mai tuyar ƙosai ya kwanta ya yi barci! Na bar shi da Allah.

Baƙin cikin nan ne ya sa na zauna na karanci abin sosai, don kar a sake yi wa wani namu.

Madubinka da wuya a ce shi ne da laifi. Iska ce. Ka san yadda kwalta ke yi da tsakar rana a hanyar Katsina zuwa Daura, motar da ke tahowa daga nesa ta yi ta lanƙwashewa? Abu ɗaya ne. Iska mai zafi da mai sanyi ba sa karya haske daidai, kuma suna ta cakuɗuwa daga saman rufinka har can sama inda jirage ke bi. Hasken da ya yi doguwar tafiya a miƙe, da ya shigo iskar duniya sai ya iso a yamutse, kuma yamutsewar tana sauyawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Ko a kan duwatsu mafi kyawun sama, faɗin iskar da haske ke ratsawa a natse bai cika wuce santimita 10 zuwa 20 ba. Ma'ana madubi mai faɗin mita 8 ko 10, in ba a yi masa dabara ba, kaifin hotonsa bai fi na ɗan madubi irin namu da yawa ba, haske kawai ya fi tarawa. Wannan ne ciwon da aka ƙirƙiro adaftif oftiks dominsa. Ciwon manya ne.

Wani masani Ba'amurke, Horace Babcock, shi ya kawo tunanin a 1953, amma babu kwamfutar da za ta iya aikin a lokacin. Sojojin Amurka suka ɗauka suka yi ta aiki a kai a ɓoye don leƙen taurarin ɗan'adam, sai a 1991 suka saki mafi yawan sirrin. Turawa kuma sun gwada nasu a Faransa a 1989. Yadda yake aiki: ana ɗibar wani ɓangare na hasken wani tauraro mai haske da ke kusa da abin da ake kallo, a tura shi cikin wani allo mai ɗauke da ƙananan gilasai a jere. Kowane gilashi yana jefa ɗigon haske a kan kyamara. In hasken ya iso a miƙe, ɗigogin za su jeru daidai. In ya yamutse, kowane ɗigo zai goce daga gurbinsa. Kwamfuta ta auna gocewar, ta ba da umarni ga wani madubi siriri mai lanƙwasuwa wanda ke da ɗaruruwan 'yan turakai a bayansa, wasu su tura, wasu su ja, madubin ya ɗauki kishiyar siffar da iska ta yi wa hasken. Ana maimaita wannan ɗaruruwan lokuta, har zuwa kusan dubu, a daƙiƙa guda. A Paranal ta ƙasar Chile, ɗaya daga madubai huɗu masu faɗin mita 8.2 yana da irin wannan madubin, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, kaurinsa milimita 2 kacal, da turakai 1,170. Ƙanena, ka tambayi mai tallan naka turakai nawa ne a cikin bututunsa.

Kuma ba ko'ina ake samun tauraro mai isasshen haske kusa da abin da ake so ba. Sai su ƙera nasu. Suna harba hasken lesa ruwan ɗorawa sama, ya daki wani shimfiɗin sinadarin sodiyam da ke kimanin kilomita 90 daga ƙasa, wurin ya haska ya zama tauraron aro. Wancan madubin na Paranal guda huɗu yake harbawa lokaci ɗaya tun 2016, kuma a 2018 ya fitar da hoton duniyar Naftun da ya kai na Hubble, madubin da ke shawagi a sararin samaniya, kaifi, alhali Hubble tana sama da iska gaba ɗaya. Af, na ga wasu a zauren nan namu na intanet suna sayen 'yar lesa koriya ta nuna taurari. Wannan ba ta gyara komai, kuma ku kiyaye, kar wanda ya haska ta wajen jirgi, musamman ku na Katsina da filin jirgi ke kusa da ku, kar kuma a bar ta hannun yara, tana lalata ido.

Abin da ya fi taɓa ni a karatun nan shi ne, a shekarar da aka cuce ni da sunan wannan fasaha, a shekarar ce Andrea Ghez da Reinhard Genzel suka karɓi kyautar Nobel kan aikin da fasahar ta taimaka musu ƙwarai. Ita tana aiki da maduban Keck masu mita 10 a kan dutsen Mauna Kea na Hawai, shi kuma da na Chile. Shekara da shekaru suna bin taurarin da ke tsakiyar gungun taurarinmu, har suka ga ɗaya yana kammala zagaye cikin kimanin shekara 16 a kewayen wani abu da ba a gani, mai nauyin rana kusan miliyan 4. Haka a 2008 aka ɗauki hoton duniyoyin da ke zagaya tauraron HR 8799 daga nan doron ƙasa. Yanzu ma ana gina mai faɗin mita 39 a Chile. Wannan shi ne abin da wani ke cewa zai sa maka a leda ya ba direba.

Gaskiya akwai wata 'yar na'ura da kamfanonin kyamarar taurari ke sayar wa masu sha'awa da sunan da ya yi kama da wannan. Ita karkata hoton kawai take gyarawa, wato in tauraro ya goce gefe ta dawo da shi, don masu ɗaukar hoto da ke barin kyamara a buɗe na dogon lokaci. Ba ta warware yamutsewar, ba a kuma kallo da ido ta cikinta. Kai da kake son ganin layukan Mushtari ba ta da amfani gare ka.

Ka fara da sauka daga benen nan. Siminti da kwano suna shan rana wuni guda, da dare su yi ta fitar da zafi, kai kuma kana kallo ta cikinsa. Ka nemi fili mai ƙasa, inda ba rufi a gabanka, ba kusa da janareta ko murhun mai shayi ba. Ban ce ka fita bayan gari da dare ba, ka san halin da ake ciki, filin ƙwallon unguwa ya isa. Ka fitar da madubin ya sha iska kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ka sa ido, domin in ka ɗauko shi daga ɗaki mai zafi iskar cikin bututun ma rawa take yi. Ka kuma jira duniyar ta hau sama. Mu nan Allah Ya yi mana gata, muna wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, su Mushtari suna bi ta kusan saman kanmu, abin da mutanen Ingila ke nema ido rufe. A daren da na kunyata suna dab da faɗuwa ne, inda haske ke ratsa iska mafi kauri, kuma mutumin nan ya san haka sarai lokacin da yake mini alkawari.

Maganar hazo da ya fake da ita, abu biyu ne mutane ke haɗawa. Hazo yana dushe haske, ya ɓoye taurari ƙanana. Rawar hoto kuma daga motsin iska take. Na sha ganin daren da ke da ɗan hazo amma Mushtari ya tsaya lafiya lau, na kuma ga daren bayan ruwa da sama ta wanke tas, taurari na ƙyaftawa da ƙarfi, hoto kuwa ba ya kalluwa. In ka ga taurarin da ke saman kai suna ƙyafta sosai, ka haƙura da duniyoyi a ranar, ka kalli Kaza da 'Ya'yanta da ƙaramin girma. Ƙurar hunturu dai ka rufe madubinka da kyau, kar ka goge shi da gefen riga.

Ba ka faɗi girman da kake sawa ba, kuma ina zargin nan ma akwai matsala. Ka raba tsawon haskaka na madubinka, wato focal length da aka rubuta a jikinsa, da lambar da ke jikin gilashin ido. In naka 650 ne ka sa gilashi mai lamba 10, ka sami ninki 65, kuma da wannan za ka ga layuka biyu na Mushtari da watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610. Iyakar madubi irin naka a takarda ninki 260 ne, amma yawancin darare in ka wuce 130 zuwa 150 rawar kawai kake ƙara wa girma. Ka zauna a kujera, ka daɗe da ido a kai. Iska tana lafawa na ɗan ƙiftawa, a nan za ka ga abin da kake nema. Yaran nan nawa yanzu sai na sa kowa ya ƙirga talatin kafin ya ɗago.

Wannan lafawar ce ma dabarar talaka. Ka ɗaura waya ko 'yar kyamara, ka ɗauki bidiyo na minti ɗaya ko biyu, kar ka wuce haka domin Mushtari yana juyawa da sauri, ƙasa da awa 10 yake kammala juyi. Ka sa bidiyon a manhajar kwamfuta ta AutoStakkert, kyauta ce, ta zaɓo firam ɗin da iska ta lafa a cikinsu ta haɗa su, sannan ka ƙara kaifi da manhajar RegiStax. Hoton farko da na fitar ta haka na Zuhal ne, da zobensa a fili. Na wanke shi a wajen mai hoto na kai wa matar nan har inda take tuya. Ɗanta ya dawo darasi, uban wasu yaran biyu kuwa har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwa ce kawai.

Saura abu ɗaya. In naka irin mai madubin mayar da haske ne a gindin bututu, wataƙila jijjigar mota ta gotar da saitinsa. Ka nufi tauraro mai haske a saman kai, ka sa shi a tsakiya, ka ɗan juya saitin kaifin hoto ya kauce daga daidai har tauraron ya zama zobe. In baƙin ɗigon yana tsakiyar zoben, lafiya lau. In ya karkata gefe, sai an juya sukurorin baya. Kar ka taɓa su tukuna. Ka ɗauki hoton zoben da waya ka turo nan zauren, ka haɗa da hoton tallan mutumin nan, ina so in ga ko hotunan da ya turo mini ne yake yawo da su har yanzu. In saitin ne, ina shigowa Katsina ƙarshen wata, sai ka kawo madubin mu daidaita shi tare.