Amsa: An ce za a rage mu a wurin aiki, me zan yi?

Malam, ka ce kamfaninku a nan Katsina zai rage ma'aikata, an kuma ba ka shawara ka ajiye aiki da kanka ka kama kasuwanci. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki. Idan kai ka ajiye, ka yafe musu kuɗin sallama ke nan.

Nemo takardar ɗaukarka aiki tukuna. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade wa'adin sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa 5, wata guda daga shekara 5 zuwa sama, ko a biya kuɗin wa'adin. Sashe na 20 kuma ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a fara sallamar waɗanda aka ɗauka aiki baya-bayan nan, amma a duba ƙwarewa. Bai yanke adadin kuɗin sallama ba, ciniki ne. Manajoji su kam yarjejeniyarsu ce madogara.

Ka karɓi takardar sallama a rubuce, don da ita za ka nemi kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonka idan ka yi wata 4 ba aiki, matuƙar ba ka kai shekara 50 ba. Duba asusun yanzu. Wasu kamfanonin na cirewa a albashi ba sa zubawa.

Masu wa'azin "zama ubangidan kanka" kuwa, ba su za su biya maka hayar shago a Babbar Kasuwa ba. Ware kuɗin cefanen wata 6 kafin ka taɓa jari.