Hukuncin yin aikin wayarin ba tare da lasisin hukuma ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata wayarin ɗin gidaje da gyaran wuta. A wajen maigidana na koya, kuma ina da katin ƙungiyarmu. Yanzu ana cewa sai mai lasisin gwamnati zai riƙa aiki. Shin katin ƙungiya bai wadatar ba? Kuma kuɗin da nake samu halas ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa sana'a albarka, ɗan'uwa.

Asalin wannan babi hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ne, cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, lamuni yana kansa, wato shi zai biya ɓarnar da ya jawo. Malamai sun yi ƙiyasin duk sana'ar da kuskure a cikinta ke cin rai ko dukiya a kan wannan, kuma wutar lantarki tana sahun gaba. Mai gida ba ya ganin abin da ka binne a bango. Bai san siririyar waya ka sa wa na'urar sanyaya ɗaki ba, bai san ka ɗaure fiyus da waya mai kauri ba, sai daren da aka kawo wuta da ƙarfi iyalinsa suna barci. Wanda ba shi da ikon tantance aiki, haƙƙi ne a kan shugaba ya tantance masa.

Ƙungiya abu ne mai kyau, kuma ba baƙo ba ne a wajenmu, domin tun da can akwai Sarkin Ƙira da Sarkin Magina masu tsawatar wa 'yan sana'arsu. Rauninta shi ne shigarta ganin dama ce. Mai ha'inci ba zai shiga ba, wanda aka kora kuma gobe zai ɗauki jakar kayansa ya tafi wata unguwa. Saboda haka ba ta ɗauke wa hukuma nauyi.

Musulmi sun riga sun bi wannan hanya. A shekara ta 319 bayan Hijira, da wani mara lafiya ya mutu a hannun mai magani a Bagadaza, Halifa Muƙtadir ya umarci likita Sinanu bin Sabit ya jarraba likitocin garin, aka hana wanda ba a ba izini ba taɓa kowa. Hanafiyya ma, duk da tsananinsu wajen ƙin taƙaita wa baligi mai hankali tasarrufi, sun yarda a hana jahilin likita aiki, don cutarsa ta game jama'a.

A Najeriya hukumar NEMSA mai kula da ingancin ayyukan wutar lantarki, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaida. Dokar neman wannan takarda ba ta umarci saɓon Allah ba, maslaha ce tsantsa, don haka bin ta wajibi ne bisa aya ta 59 a Suratun Nisa'i, mai umarni da yi wa shugabanni biyayya.

Game da kuɗinka: idan ka ƙware da gaske kuma ka yi aikin yadda ya dace, ladan aikinka halas ne, sai dai kana da laifin saɓa wa doka matuƙar kana da halin neman takardar ka ƙi. Wanda bai ƙware ba kuwa, ya nuna wa mutane ya iya, ya yi algus. In gobara ta tashi ta dalilin aikinsa zai biya abin da ya salwanta, in an rasa rai maganar diyya ta shigo, alƙali ne zai yanke. Sayen lasisi da cin hanci ya fi rashinsa muni, domin ya haɗa rashawa da shaidar zur. Mai lasisin da ya yi sakaci shi ma takardarsa ba ta ɗauke masa lamuni.

Ina kuma jan hankalin hukuma ta ji tsoron Allah, kada ta mai da lasisi hanyar tara haraji. Da yawan ƙwararrunmu a hannun iyayen gida suka koya, ba su da takardar makaranta. A jarraba su a aikace, da harshen da suke ji, a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a kuma yi amfani da ƙungiyoyinsu wajen kai su ga jarrabawar.

Wallahu a'alam.