Sunan da kika ji a waƙar daren Ista

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce kin kalli addu'ar daren Ista ta Roma, kin ji mai waƙa ya ambaci "lusifa" a gaban babban kyandir, ƙawayenki kuma suka ce ai Shaiɗan ake yabo. Kina tambaya ko al'adar tana da tushe. Kwantar da hankalinki, tana da shi.

Kin tuna tauraron da kakarki ke dubawa kafin ta tashe ku zuwa rijiya? Gamzaki ke nan. In ya koma fitowa da magariba ta yamma, sai mu ce Zara matar wata. Helenawan da ma suna biyu suka ba shi, Fosforos na asuba da Hesferos na yamma, kafin su gane abu ɗaya ne. Romawa suka kira na asubar Lusifa, wato mai kawo haske. Ba tauraro ba ne irin sauran, duniya ce mai zagaya rana, wadda Turawa ke kira Binas. A 1610 Galileo ya dube ta da madubin hangen nesa, ya ga tana cika tana raguwa kamar wata.

To, ina Shaiɗan ya shigo? A Ishaya 14 annabi yana yi wa sarkin Babila zambo, aya ta 4 ta faɗi haka a fili. A aya ta 12 ya kira shi Helel ɗan asuba, mai haske da ya faɗo daga sama. Dubi hikimar misalin: Gamzaki ya fi kowane tauraro haske, amma da rana ta ɓullo sai ki neme shi ki rasa. Haka mulkin mai girman kai yake. Da malamin Kirista Jerom ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Latin wajen shekara ta 400, sai ya sa "lusifa" a wurin. Malamai irin su Orijen sun riga sun haɗa ayar da Luka 10:18, inda Yesu ya ce ya ga Shaiɗan ya faɗo kamar walƙiya. Fassarar Ingilishi ta 1611 ta bar kalmar yadda take, sunan kuwa ya manne wa Iblis a bakin mutane.

Abin da ke damuna shi ne an manta da sauran ayoyin. A 2 Bitrus 1:19, wannan kalmar "lusifa" ce a Latin ga tauraron da zai fito a zukatan masu bi. A Wahayin Yahaya 22:16, Yesu da bakinsa ya ce shi ne tauraron asuba mai haske. Har bishop aka yi mai suna Lusifa a Kaliyari, tsibirin Sardiniya, wanda aka kora gudun hijira bayan taron shugabannin ikkilisiya a birnin Milan na 355 domin ya ƙi juya wa Atanasiyus, bishop na Iskandariya, baya. Wace uwa Kirista ce za ta raɗa wa ɗanta sunan Iblis?

Waƙar da kika ji roƙo ne cewa Tauraron Asuba ya tarar da kyandirin yana ci, tauraron da ba ya faɗuwa, kuma nan take ta ambaci sunansa: Almasihu, wanda ya tashi daga matattu. Ki karanta wa ƙawayenki ayoyin nan. Ki gaida mini mahaifiyarki.