Aikin kodin ya fita raina, mi ya same ni?

TAMBAYA: Salam Anti. Ni matashi ne daga Mabera nan Sakkwato, ina kodin, wato rubuta manhaja, ma wani kamfani da ke Kalifoniya daga gida, kuɗi alhamdulillahi suna shigowa amma wallahi aikinga da ni ke so kamar mi, yanzu ko laptop na buɗe sai ƙirjina ya yi nauyi. Mitin sha ɗayan dare, ga ɗauke wuta ga zafi, a gida kuma sai a ce kai da ke zaune kana latse-latse gajiyar mi ka ke? Ya za ni yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba lalaci ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiyar a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11, ba a matsayin cuta ba, abu ne da matsin aiki mai tsawo ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita ranka, ka riƙa ganin kamar ba ka tsinana komai.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Edward Deci da Richard Ryan, sun ce ma'aikaci na buƙatar abu uku, ya ji yana da ta cewa a aikinsa, ya ji ya iya, ya ji yana cikin mutane. Iyawa kam ka iya tunda ana biyanka, sauran biyun ne aka rage maka.

Fara da lokaci. Tsakaninmu da Kalifoniya awa 8 ne, lokacin sanyinsu 9, wato mitin ɗinka na sha ɗaya wajen ukun rana ne a wurinsu, su garau kai kana gyangyaɗi, alhali taran safiyarsu biyar ko shidan yamma ce a nan. Ka rubuta wa oganka ka nemi a matso da shi, sau da yawa ba mugunta ba ce, ba wanda ya lissafa ne kawai. Bayan isha'i kashe notifikeshan na Slack, manhajar saƙonnin wurin aiki.

Sannan ka fita majalisa don Allah, ka nemi 'yan'uwanka masu kodin ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a sati. 'Yan gida kuma bar musu da su, zaunar da Inna ka nuna mata manhajar a waya.

In barci ko cin abinci ya gagara sama da sati 2, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, tafi UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ka ga likita. Na san mutanenmu da jin Kware sai a zaro ido, kai dai ka je.