Filin Gyaran Turanci: Ƙiyasin Kuɗi da Takardun Neman Kwangila

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwangila ne, ina aikin fenti da gyaran rufi. Duk sanda zan rubuta wa ma'aikata ko kamfani wasiƙa da Turanci, sai in rasa wanda zan ɗauka tsakanin "put in", "put up", "put forward" da "draw up". Kwanan baya na rubuta "I have put up the price for the work", sai aka bugo mini waya wai me ya sa na ƙara kuɗi, alhali ko kwabo ban ƙara ba. Ina kuskuren yake?
Wani ɗan kwangila, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya bugo maka wayar bai yi laifi ba, abin da ka rubuta ya karanta. Idan "put up" ya haɗu da "price", ma'anarsa ƙarin farashi ce, ba wata ba. Wato abin da ka faɗa musu shi ne ka tsawwala kuɗin aikin. Abin da ya kamata ka rubuta shi ne "I have put in a quotation for the work". Gaskiya ne a ofisoshin gwamnati ana cewa "put up a memo" idan ƙaramin ma'aikaci zai tura takarda sama wajen maigidansa, wataƙila ma a can ka tsinto ta, amma kada ka kusantar da ita inda ake maganar farashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi aikin daki-daki, domin kowane mataki da aikatau nasa. Da farko kana zaune da biro da kalkuleta kana lissafin bokitin fenti, kuɗin lebura da na mota: wannan shi ne "work out". Sai ka ce "We have worked out the cost". Bayan lissafi ya kammala ka zuba shi a takarda mai kan kamfaninka, da tsari da sa hannu: wannan "draw up" ne, kuma takarda kaɗai ake yi wa shi, ƙiyasi ko yarjejeniya ko jadawalin aiki. Ka kula da yadda yake sauyawa: "draw", "drew", "drawn". Babu "drawed" a Turanci. Ranar da ka ɗauki takardar ka kai ofis, ko ka jefa ta a akwatin masu neman kwangila, a nan ne "put in" ke shigowa: "We put in a bid for the renovation". Shi kuwa "put" ba ya sauya kama, jiya da yau duk "put" ne.

"Put forward" na shawara ne, wato tunanin da ka gabatar domin a duba a tattauna. Idan ka ga ya fi kyau a sauya kwanon rufin gaba ɗaya maimakon a yi ta faci, sai ka rubuta "We put forward a proposal to replace the roof". A nan ba ka ɗaure kanka da kowane farashi ba tukuna.

Ga wani wuri da ake yawan tuntuɓe. Waɗannan kalmomi biyu-biyu suna rabuwa. Idan suna ne ya biyo baya, kana da zaɓi: "draw up the estimate" ko "draw the estimate up", duka daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "draw it up", "work it out", "put it in". Wanda ya rubuta "work out it" ya karya ƙa'ida. Haka kuma ƙaramar kalma guda tana juya zancen baki ɗaya. "Put in for" neman abu ne irin hutu ko canjin wurin aiki, "put off" ɗage lokaci ne, "put up with" kuma haƙuri ne da abin da ba ka so. Ɗan kwangilar da ya rubuta "we have put off our bid" ya sanar da su cewa ya jinkirta neman aikin da kansa.

Idan kana shakka, musamman a wasiƙar da za ta shiga fayil ɗin gwamnati, ka koma ga kalma ɗaya tilo: "calculate", "prepare", "submit". Ba su da ado, amma ba sa yaudarar kowa, kuma a ra'ayinmu "submit" ta fi "put in" dacewa da takardar hukuma.

Sai babban abin da ya fi nahawu tsada, wato sunan da ka sa wa takardar. "Estimate" ƙiyasi ne, kintace mai tushe wanda zai iya hawa ko sauka. "Quotation" kuwa tsayayyen farashi ne. Kamar a kasuwa yake: muddin ana "nawa zai kai?" ba a yi ciniki ba, amma da zarar ka faɗi kuɗi an ce an sallama, ciniki ya faɗa. Idan ka rubuta "quotation" aka amsa maka a rubuce, sannan buhun siminti ya tashi kafin ka fara aiki, asarar a wuyanka take. Shi ya sa ake ƙara layin "This quotation is valid for 30 days" a ƙasa. Ka kuma fayyace ko harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun watan Fabrairun 2020, yana ciki ko ba ya ciki: "inclusive of VAT" ko "exclusive of VAT". Idan kuma tallar kwangilar gwamnatin tarayya ce aka buga a jarida, dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ce ke aiki, kuma abin da za ka miƙa sunansa "bid" ko "tender".

TAMBAYA: Malam, ni sakatariya ce a wani kamfanin gine-gine. Wanne ne daidai: "the cost is estimated to N580,500" ko "estimated at N580,500"? Mun yi ta musu da akantanmu.
Wata mai karatu, Kaduna

AMSA: Malama, ba ki gaya mana ɓangaren da kike ba, amma mai "at" ne ya ci musun. Idan adadi ne ya biyo baya kai tsaye, "at" ake sawa: "The cost is estimated at N580,500". Ita "to" sai da aikatau a bayanta: "The work is estimated to cost N580,500". Mai kuskuren ya gauraya jimlolin nan biyu ne, ya ɗauko kan wannan ya haɗa da wutsiyar waccan.

Bari mu yi amfani da adadin naki. A ce bangon da za a shafe murabba'in mita 120 ne, kowace mita naira 4,500. Za ki rubuta "The painting works out at N4,500 per square metre". Kuɗin aikin ya kama naira 540,000, haraji naira 40,500, sai ki rufe da "The total comes to N580,500". Kada ki ce "the total is come to", kuma kada ki ruɗa "come to" da "come up with", wanda ke nufin ƙirƙiro dabara ko mafita. Shi wannan na hira ne da taron ofis, bai cika kyau a wasiƙar hukuma ba. In kuma ƙiyasi ne na sama-sama, kalma ɗaya ta isa, "about" ko "roughly". Jera "estimated at about roughly" maimaici ne kawai.

TAMBAYA: Na rubuta wa shugabar wata ƙungiya "I want to propose to you" domin ina da shawarar aikin rijiyoyin burtsatse da nake so su tallafa. Abokina ya ga wasiƙar ya yi ta dariya, ya ƙi gaya mini dalili.
Wani matashi, Gusau

AMSA: Ɗan'uwa, in wasiƙar ba ta tafi ba, riƙe ta. "Propose to" da mutum a bayansa, ba tare da an ambaci abin da ake gabatarwa ba, neman aure ne. Sai ka saka abin a tsakiya: "I would like to propose a borehole project to you", ko ka ce "I would like to submit a proposal for a borehole project". Idan kana so su ne su yi wani abu, tsarin shi ne "I propose that we meet on Monday". "I propose you to meet me" ba Turanci ba ne, domin "propose" ba ya bin tsarin "ask" da "advise", waɗanda ke karɓar mutum sannan "to". Haka "suggest" take, ita ma "that" take so. In kuwa wasiƙar ta riga ta isa hannun Hajiya, ka bi ta da wata gajera mai taken "Proposal for a Borehole Project", ka haɗa da ƙiyasin kuɗin da wurin da za a haƙa rijiyoyin.